Yadda za ki ciyar da mahaifiyar da mantuwa ta kama ba tare da kin raba ta da madafinta ba

Tun da mutane suka san ni na riƙe Innarmu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru lokacin da mantuwa ta kama ta, tambaya ɗaya ce ke ta dawo min, gidan suna ne gidan biki ne har a waya cikin dare: "Hajiyarmu ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta bar tukunya kan wuta ta je ta kwanta, yanzu an ba ta abinci anjima ta ce tun safe ko ruwa ba wanda ya ba ta, ya za mu yi da ita?" Toh bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya samu. Da mace nake magana don yawanci mu ne a bakin murhu, amma maza ku ma ku karanta, cefane da kuɗin asibiti a wuyanku suke, kuma in Baba ne ya ruɗe kusan duk abin nan ya shafe shi.

Abu ɗaya ki riƙe kafin mu fara. Yawancin gidaje da an ga alama sai a ce "Inna ki huta kin gama naki", a kore ta daga madafi kwata-kwata. Matar da ta shekara hamsin tana ɗora sanwa, rana ɗaya a zaunar da ita a ɗaki tana kallon bango, wallahi abin da na gani shi ne ta nan take saurin sukurkucewa, ci ma raguwa yake yi. Da wuta za a raba ta, girkin kuwa a bar mata hannu a ciki iya inda Allah Ya nufa.

1. Asibiti tukuna

Kar ki fara da sayen maganin ƙarin jini ko canza abinci. Ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba, akwai masu warkewa in an gano dalili: ƙarancin jini da na bitamin B12, ciwon fitsari, maleriya, suga da ya yi sama ko ya faɗi, matsalar ƙwayar wuya mai kawo maƙoƙo, damuwa bayan rasuwar miji ko ɗa, kai har kurumta tana sa a ɗauka tsohuwa ta ruɗe alhali ji ne ba ta yi. Ku fara da asibitin unguwa, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibiti, Garwa da Marwa da Ngaundere kowanne akwai na rejiyonal, wato babban asibitin yanki.

Ki tafi da duk maganin da take sha a leda ɗaya, na farmasi da na bakin kasuwa da na gargajiya, kar ki ɓoye ko ɗaya. Ki rubuta a takarda abubuwan da take yi da lokacin da suka fara, saboda a gaban likita za ta gaishe shi tsaf ta tambayi iyalinsa har ya ga kamar lafiyarta ƙalau. Ki roƙa a duba bakinta, haƙori mai rami ko ƙurajen dasashi kaɗai sun isa su hana ta ci kuma ba za ta iya faɗa ba.

In likita ya ce cutar mantuwa ce, ku sani ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuma nau'in da ake kira Alzheimer ne, wani kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi ba, duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai dawo mata da hankalinta cikin sati, kuɗin zai ci.

Hattara: in jiya lafiya lau take yau ta wayi gari ba ta gane kowa, ko tana ta barci, ko baki ya karkace, wannan ba tsufa ba ne, ranar za a kai ta asibiti.

Hattara kuma da bakin mutane. Tsohuwa ta fita da dare ko ta kira sunan mamaci sai ki ji an fara raɗa wai maita ce ko iska. Ki tare maganar tun a bakin ƙofa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, amma ban da turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, ban da ɗauri, ban da jiƙe-jiƙen da za su sa ta zawo.

2. Kwashe duk abin da zai shiga baki ya yi illa

Ki zagaya gidan da idon wanda ba ya iya bambancewa. Kananzir da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, da muke zubawa a gorar ruwa su ne na farko, sai jabel, wato bilic ɗin wanki, sai omo da yake kama da garin madara, maganin ɓera, fiya-fiya, in gidan manoma ne maganin feshin auduga da takin zamani. Duka su shiga akwatin ƙarfe ko ɗakin ajiya a sa kwaɗo, ƙaramin kwaɗo da sefa 500 zuwa 1,000 za ki samu. Magungunan gida ma haka, har nata, don za ta sha ta manta ta sake sha.

Gishiri da suga da farin magi da dakakkiyar kanwa duk fari ne a idonta. Ki ɗauke manyan gwangwanayen, ki bar mata ɗan kaɗan a murfin kwalba wanda ko ta juye shi duka miya ba za ta ɓaci ba.

Wannan aikin a yi shi tana barci ko ta shiga maƙwabta, in a gabanta ne gani za ta yi ana kwashe mata kaya. Kuma kar ki ce za ki gyara mata madafi ya yi kyau: randa, moɗa, muciya, ludayi, kujerarta 'yar tsugunno, kowanne ya zauna inda ya saba zama, hannunta ya san wurin ko da bakinta ya manta sunan.

3. Raba ta da wuta

In gas ne, a rufe shi daga kan tukunyar gas ɗin duk sanda aka gama, in ta iya buɗewa a cire kan gaba ɗaya a ɓoye. Ashana da laita su koma aljihun mai girki. In murhun itace ne ko gawayi a yayyafa wa garwashin ruwa da an sauke, kar a ce ai toka ta rufe shi. Lokacin sanyi, Disamba da Janairu, kar a kai mata kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa, iskar gawayi ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci, bargo da safa sun fi.

Mayafin roba-roba yana kama wuta nan take, in za ta zauna kusa da masu girki a ɗaura mata ɗankwali, mayafin a ajiye. Wurin zamanta ya zama inda talge ba zai fantsamo ba, inda kuma ba ta nan ake wucewa da tukunyar ruwan zafi ba. Rijiyar tsakar gida a yi mata murfi mai kwaɗo.

In tsautsayi ya sa ta ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin kamar minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da gishiri.

Wani abin da ke haɗe da wannan, za ta yafa mayafi ta ce za ta kasuwa cefane, ta fita ta kasa dawowa. Ki rataya ƙararrawa ko gwangwani a ƙofar zaure, ki ɗinka lambar wayarku a gefen mayafinta, ki gaya wa mai kantin bakin layi da 'yan moto, wato masu babur ɗin haya, da ke tsayawa a kwana cewa in sun gan ta ita kaɗai su kira. Ba tonon asiri ba ne, ranar da ta ɓace su za su fara taimaka miki.

4. Ba ta aikin da hannunta ya sani

Ki shimfiɗa mata tabarma a inuwa inda take jin ƙanshin miya tana ganin mai tuƙi, ki ajiye mata faifai a cinya. Tsinkar zogale, tsinkar yakuwa ko tafasa, tsintar wake da shinkafa, ɓarar gyaɗa, tankaɗen kuka, ɓare tafarnuwa, murza daddawa, duk waɗannan hannu yana riƙe su bayan kai ya saki abubuwa da yawa. Aiki ɗaya za ki ba ta, magana ɗaya: "Inna taya ni tsinke zogalen nan." In kika jero mata uku za ta tsaya tana kallonki ne kawai, daga nan sai faɗa.

Wuƙa kuwa ki lura da kanki. Farko-farko tana iya yanka kuɓewa ɗanya kina zaune kusa, da kin ga ta fara juya wuƙar ba daidai ba ki janye ta a hankali ki miƙa mata wani abin.

In ta haɗa tsakuwa da wake a kwano ɗaya ki karɓa ki ce sannu da aiki, ki gyara a bayan idonta. Kuma ki riƙa kawo mata ludayi ta ɗanɗana, "Inna gishirin ya ji?" Ko amsar ba daidai ba ce ki ce to. Matar da aka tambayi ra'ayinta a kan miya ta fi cin miyar nan in an zubo, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jarrabawa: "Inna wace ce wannan? Kin tuna me kika ci da safe?" Don Allah a daina, a hana yara ma. Kunya take ji ta rasa amsa, kunyar ce ke komawa zagi.

5. Ɗauko girkinta tun yanzu

Wannan kar ki ce sai an samu lokaci, abin da ta iya faɗa bana baɗi ba lalle ta iya ba. Da hantsi za ki yi, bayan ta karya, lokacin kanta ya fi washewa, da la'asar ta yi sanyi yawancinsu ruɗewa suke ƙarawa.

Kar ki zauna da biro ki ce "Inna ya ake miyar kuka?", za ta ce ai kowa ya iya. Ɗora tukunyar za ki yi a gabanta, ki kunna rikodin na waya ki ajiye gefe, ki fara, ita da kanta za ta tsawata miki. Namu haka ta fito: na ɗauko kuka zan kaɗa tukunya na tafasa sai ta riƙe min hannu ta ce a janye itacen tukuna, a bar ruwan ya kwanta, a barbaɗa kukar da hagu dama na burgawa da maburgi, kuma dakakken wake ake fara sakawa ya dahu har ya narke kafin daddawa da busasshen kifi su shiga, man shanu kuwa sai an zuba a kwano. Ba ta taɓa faɗar wannan da baki ba duk zamanmu, ganin ana yi ne ya fito da shi.

Awo shi ne wahalar, don su da hannu suke aunawa. Ki bar ta ta ɗebo da hannunta, kafin ya shiga tukunya ki tara gwangwanin tumatir ko cokali ki ga nawa ne, ki rubuta: ruwa ludayi kaza, kuka cokali kaza, na mutum nawa. Ki fara da waɗanda ba kowa ya iya ba, haɗin yajinta, yadda take jiƙa shinkafar waina da abin da take sa wa ƙullun ya tashi, dakan fura, dambun nama na Sallah, kunun mai jego. Inda ta tsallake ki tambayi ƙanwarta ko abokiyar zamanta ko tsohuwar maƙwabciya.

In ta tashi da Fillanci ko Barbarci ko Larabcin Shuwa tun tana yarinya, kar ki yi mamaki in ta koma can ta bar Hausar, haka ciwon yake yi, harshen farko ya fi daɗewa. Ki nemo wanda yake ji ya zauna da ku.

Hattara: muryar nan ta gida ce. A tura wa 'yan uwa a WhatsApp don kar ta ɓace in waya ta lalace, amma kar wani yaro ya ɗauki bidiyonta tana ruɗe ya sa a TikTok ko Facebook. Da tana cikin hayyacinta ba za ta yarda ba.

6. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kwano ɗaya

Ki ɗaura cin abincinta da salla don shi ne agogon da ya rage mata: kunu bayan asuba, abu mai ɗan nauyi da hantsi, babban ci bayan azahar, fura ko 'ya'yan itace da la'asar, tuwo kaɗan da an yi magariba. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi tuli sau biyu. Mai ƙarfin ya zama na rana, da dare gajiya da ruɗu ba sa barinta ta ci na kirki.

A kashe talabijin, a rage hayaniyar yara, wuri ya zama da haske. Kwano ɗaya a gabanta, in kika jera tuwo da miya da nama da ruwa da lemo rasa na ɗauka za ta yi. Farin tuwo a farin kwano ba ta ganinsa sosai, ki nemo kwano ja ko shuɗi marar zane, mai zanen fulawa za ki ga tana ta ƙoƙarin tsince fulawar. In tana da kwanon da ta saba da shi tun da, shi ya fi.

Ki bar ta ta ci da hannunta ko tana zubarwa, ki wanke mata hannun da sabulu ki shimfiɗa tsohon zani a cinya shi ke nan. Ranar da kika fara ba ta a baki don sauri, daga ranar hannun zai fara mantawa. Ki zauna gabanta ki ci naki, tana ganin kina kai loma za ta kwaikwaya. In ta tsaya ki ɗora hannunki a kan nata ki kai loma ɗaya, sau da yawa sai ta ci gaba. Zafin abincin ke za ki taɓa, ita ba za ta ce ya ƙona ta ba.

7. Me za a dafa

Abincin da ta tashi da shi. Ba yanzu ne lokacin koya mata taliya da mayonez ba. Tuwon dawa ko masakwa ko masara mai laushi, miya mai yauƙi, kuka, kuɓewa, lalo, saboda suna taimakon haɗiya, faten wake da aka cire wa ƙwanso, alale, dafaffen ƙwai, dankalin Hausa da kabewa a murƙushe, ayaba, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Nama a daka ko a niƙa a zuba a miya. Kifi yana da kyau ƙwarai kuma Allah Ya hore mana shi daga Binuwai da Lagdo, amma karfasa ƙaya gare ta, ki zauna ki bi tsokar da yatsa sau biyu, giwan ruwa ya fi sauƙin gyara in aljihu ya kai.

In ta fara rama, kunun gyaɗa shi ne abokin tafiya. Ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa ki tace, ki tafasa, ki zuba shinkafar da ta dahu ta yi luguf ko gasarar gero, ki sauke ki sa ruwan tsamiya, sannan ki ƙara madara cokali biyu da ɗan man shanu ko man gyaɗa cokali ɗaya. Kofi ɗaya na wannan ya fi kofi uku na farin koko. Gyaɗar ki tsince masu baƙi da masu fumfuna tukuna. Kindirmo ki saya wurin wadda kika san tana dafa madararta, fura kuma ki dama da ruwan da kika yarda da shi.

Gishiri, in akwai hawan jini, abin da ake so bai wuce giram 5 a wuni ba, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ki ɗebi nata kafin ki ƙarasa sa wa na gida, ki cike da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Amma in ta kai ga ba ta ci sam, kar ki tsaya kan lami, gara ta ci mai ɗan gishiri da ta kwana da yunwa.

Za ki ga ta koma son zaƙi ko da can ba ta damu da shi ba, ciwon ne. Goro da shayi mai kauri a tsayar da su daga azahar, in ba haka ba dare za a raba ana sintiri.

Hattara ga mai ciwon suga: in tana shan ƙwaya ko ana mata allura kuma ta ƙi cin abinci, sugan na iya faɗuwa. Gumi, rawar jiki, ruɗewa fiye da kullum, in tana iya haɗiya a ba ta ruwan suga a tafi asibiti. Tun farko ki tambayi likita ya za a yi da maganin ranar da ba ta ci ba.

Ramar kuma ba sai da sikeli ba, zobe ya fara juyawa a yatsa, awarwaro ya hau har gwiwar hannu, zani ya ƙara zagaye, to a koma wurin likita.

8. Ruwa

Tsofaffi ba sa jin ƙishi kamar mu, ga zafin Maris da Afrilu a Garwa da Marwa da Njamena yana haura 40. Ki cika babbar gorar Tangui mai lita ɗaya da rabi da safe, ta zama tata ita kaɗai, ki riƙa zuba mata rabin kofi kina miƙawa a hannu, kar ki tambaya "za ki sha?" don a'a za ta ce. Zuwa magariba ki duba abin da ya rage. Kankana, lemo, kunu, ruwan tsamiya duk suna cikin lissafi. Fitsari ya yi ja ya yi kaɗan, leɓe ya bushe, bayan gida ya yi tauri, ruwa ne bai isa ba. In likita ya taƙaita mata ruwa saboda zuciya ko ƙoda to nasa za a bi.

Da yawa suna ƙin sha ne don tsoron fitsari ya kufce musu ya ɓata musu tsarki, ba za su faɗa ba. Ki riƙa raka ta bayi duk bayan awa biyu ko uku ba sai ta nema ba, za ki ga ta saki jiki da ruwan.

9. "Ba a ba ni abinci ba"

Wannan ita ce mai ƙona rai, musamman in ta faɗa gaban baƙi. Kar ki yi musu, kar ki yi rantsuwa, a wurinta gaskiya take faɗa. Ki raba abincin nata biyu tun farko, in ta ce ba ta ci ba ki ce "ga shi nan Inna" ki kawo ragowar, ko ayaba ɗaya, ko rabin kofin kunu. Ki manna takarda a bango duk wanda ya ba ta ya sa alama, don ku ne ba don a nuna mata ba.

In ta ce an sa mata guba ko sammu, ki ɗebo daga kwanon nata ki ci a gabanta ba tare da dogon bayani ba. Ta ƙi, a ɗauke, bayan minti 20 wani daban ya kawo, sau da yawa jika take karɓa wa. Yawanci matar ɗa ake ɗora wa wannan zargin, ita da ke wanki da girki da kwana a zaune. Maigida, aikinka ne ka tara 'yan uwanka ka gaya musu ciwo ne, kar ka bari maganar ta je dangi a matsayin matarka na horar da uwarka da yunwa, aure da yawa ya girgiza a kan wannan.

In ta tashi da la'asar ta ce za ta ɗora wa Malam tuwo alhali ya daɗe da rasuwa, kar ki sake yi mata sabuwar gaisuwar mutuwa kullum, kuka za ta yi kamar yau aka yi. Ba sai kin yi ƙarya ba, ki ce "wace miya ya fi so ne Inna?" ki miƙa mata faifai, hira za ta ɗauke ta.

Ki riƙa duba ƙarƙashin filo da cikin kwalla da ƙullin bakin zani, suna ɓoye nama da ƙosai su ci bayan kwana biyu. Ki ɗauke a ɓoye ki musanya da biskit. Dafaffen abinci a zafin nan kar ya wuce awa biyu a ajiye, ɗumame kuma ya tafasa sosai.

10. In haɗiya ta fara wuya

Alamunta: tari ko ƙwarewa in tana sha, murya ta yi kamar akwai ruwa a maƙogwaro, tara loma a kumatu, ci ya ɗauki awa, zazzaɓi da ciwon ƙirji a kai a kai. Abincin ne ke bin hanyar iska yana sauka a huhu, kuma ciwon huhun nan yana cikin abin da ya fi ɗaukar masu wannan lalura. A gaya wa likita.

A zaunar da ita sosai, baya a jingine, haɓa ta ɗan sunkuyo, ba a ba ta komai a kwance ko tana gyangyaɗi. Ƙaramin cokali, ki ga maƙogwaro ya motsa kafin ki ƙara. Tsinkakken ruwa ya fi saurin ƙware su, mai kauri kamar kindirmo ya fi tafiya daidai. Romo mai gutsattsarin nama a ciki a bar shi, haka kilishi, soyayyar gyaɗa, aya, ganda, busasshen dambu, ƙanzo, dabino sai an cire ƙwallo an jiƙa. Bayan ta gama ta zauna minti 30 kafin ta kwanta, ki duba kumatu, ki goge mata baki da haƙori safe da dare.

Ɗura haramun ce a wannan aikin, kar a toshe mata hanci, kar a danna cokali. Kuma kar a sayo mata maganin barci a teburin bakin hanya don a samu a huta, yana ƙara ruɗewa da faɗuwa da shaƙewa.

In loma ta tsaya mata ba ta iya tari ba ta iya magana, a sunkuyar da ita gaba a buga tsakanin kafaɗunta da tafin hannu sau 5, bai fito ba a zagaya bayanta a dunƙule hannu saman cibiya a ja ciki da sama sau 5, ana yi wani na neman abin hawa. Kowa a gidan ya koyi wannan tun kafin ranar.

11. Azumi

Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, wannan sananne ne, hukuncin ciyarwa kuma ku tambayi malaminku gwargwadon halin da take ciki. Matsalar ita ce ta ga kowa bai ci ba ta ce ita ma tana azumi. Kar a yi gardama, a kai mata nata ɗaki, jikan da bai isa azumi ba ya zauna su ci tare, kuma kar a tashe ta sahur.

12. Kuɗi da karɓa-karɓa

Abincin kansa ba shi ke cin kuɗi ba, daga tukunyar gida ake ɗiba, ƙarin bai wuce ƙwai da madara da kifi da 'ya'yan itace ba. Fulas ɗin kunu da ƙaramar kula sau ɗaya ake saye kuma suna rage hura wuta sau biyar a wuni. Masu cin kuɗin su ne magani, zuwa asibiti, pampas ɗin manya in an kai nan, sabulu da omo, da ladan mai taya aiki. Ledar shimfiɗa a kan katifa da tsofaffin zannuwa suna rage pampas da rana. Na'urar awon hawan jini a tambaya a farmasi biyu uku kafin a saya.

A zauna da 'ya'yanta duka, na Yawunde da Duwala da na ƙetare a saka su a waya, a yanka wa kowa abin da zai iya duk wata, ko sefa 5,000 ne ko 20,000, ya riƙa shigowa ta Orange Money ko MoMo a rana sananniya, mutum ɗaya ya riƙe littafi. Wanda yake nesa ya rage ba da umarni a waya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai jinya a ba ta aƙalla wuni ɗaya a sati ta fita ta yi barci ta ga mutane. Ranar da kika ji hannunki na rawa don haushi, ki ajiye kwanon ki fita tsakar gida ki kira wani ya karɓe ki. Amma ita Inna kar a riƙa yawo da ita gida-gida wata nan wata can da sunan adalci, canjin ɗaki da bayi yana ƙara ruɗa ta, masu jinyar ne za su riƙa zuwa inda take. Duk wadda za ta karɓa a bar mata takarda ɗaya a manne bayan ƙofa: lokutan ci, kaurin kunu, abin da ba a ba ta, magani da awarsa, inda makullin akwati yake, lambar likita da ta mai moton da za a kira cikin dare.